Landan zuwa Paris: jirgin sama ko jirgin ƙasa, wanne ya fi kai mutum da wuri?

Tsakanin filin jirgin Heathrow da ke yammacin Landan da filin Charles de Gaulle da ke arewa maso gabashin Paris, nisan ta sama bai kai kilomita 350 ba, wajen 348 ne. Wanda ya taɓa tashi daga Kano zuwa Abuja ya san irin wannan tazara, ta Kanon ma ta ɗan ɗara. Jirgi na ɗagawa ma'aikata za su fara gaggawar tura keken shayi, kafin kofinka ya huce an ce a ɗaura bel za a sauka. Zaman da ake yi a sararin sama bai cika wuce minti 45 zuwa 50 ba.

To me ya sa kamfanoni ke rubuta awa ɗaya da minti 15 ko 20 a tikiti? Domin lissafinsu yana farawa ne daga sanda aka janye jirgi daga ƙofar shiga, ya ƙare sanda ya tsaya a ƙofar wancan filin. Heathrow, duk girman sunansa, titin sauka da tashi biyu kacal gare shi, don haka jirage kan jeru kamar motoci a gidan mai suna jiran a ba su hannu. Charles de Gaulle kuwa tituna huɗu gare shi, fili ne makeke, jirgi kan sauka ya yi ta gangarawa a ƙasa har ka fara tunanin ko da ƙafafunsa zai ƙarasa cikin gari. A dawowa ma akwai wani jiran. Idan Heathrow ya cushe, ana tsayar da jirage su yi ta kewaye a sama a wurare huɗu da aka ware: Biggin, Ockham, Lambourne da Bovingdon. Duk wannan yana cikin abin da aka ƙara a kan minti 45 ɗin.

Abokin karawar jirgin sama a wannan hanya shi ne Eurostar, jirgin ƙasan da ke bi ta ramin ƙarƙashin tekun da ya raba Ingila da Faransa. An buɗe ramin ranar 6 ga Mayun 1994, Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand ne suka yi bikin, jiragen fasinja kuma suka fara aiki a Nuwamban shekarar daga tashar Waterloo. Tun 2007 aka mayar da su tashar St Pancras bayan an kammala sabon layin dogo mai sauri a ɓangaren Ingila. Tsawon ramin kilomita 50 ne da ɗoriya, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Hanyar gaba ɗaya, daga St Pancras zuwa Gare du Nord a Paris, kilomita 492 ce, wato ta fi ta sama tsawo da kusan kilomita 150, saboda layin ya karkata ta wajen Lille kafin ya miƙe kudu. Jirgin yana gudun kilomita 300 a awa a fili, ya rage zuwa 160 a cikin rami, ya isa cikin awa biyu da kwata zuwa biyu da rabi.

A takarda ke nan jirgin sama ya ba jirgin ƙasa ratar awa guda. Ni kuwa na daɗe da daina yarda da wannan takarda, kuma ga dalilina.

Mu ɗauki abokai biyu da suka haɗu da ƙarfe takwas na safe a King's Cross, inda tashar St Pancras take. Wurin ya dace da wannan gwaji, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly daga nan yake wucewa kai tsaye zuwa Heathrow, sannan jirgin RER B da ke ɗauko mutane daga Charles de Gaulle a Gare du Nord yake sauke su. Wuri ɗaya za su tashi, wuri ɗaya za su haɗu.

Na farko ya shiga St Pancras. Ya nuna tikiti, aka haska kayansa, ya wuce jami'an Birtaniya, ya taka 'yan taku ya tarar da 'yan sandan iyakar Faransa a nan cikin Landan suka duba fasfonsa. Mu ce jirginsa na tara da kwata ne. Ya sayi shayi ya zauna. Na biyu kuwa ya sauka ƙasa ya hau Piccadilly, tasha bayan tasha, kusan awa guda kafin ya ga Heathrow. Tara ta yi. Jirginsa na sha ɗaya ne, tunda awa biyu ake son mutum ya riga jirgi isa, musamman mai akwatin da za a auna. Yana layin ba da kaya, abokinsa na barin Landan. Yana cire bel da agogo a wurin bincike, abokinsa ya ratsa gonakin Kent ya shige rami. Minti 20 ne kawai a cikin duhun, ba a ganin ruwa ba a ganin kifi, sai ɗan toshewar kunne, sannan haske ya dawo an fito kusa da Calais. Lokacin da aka kira na biyu ya shiga jirgi, na farko ya wuce Lille tuni. Da sha ɗaya da rabi da 'yan mintuna, agogon Landan, na farko ya ja akwatinsa ya sauka a Gare du Nord, ya fita titi ba wanda ya sake tambayarsa fasfo. A daidai wannan lokaci na biyu yana sama, wataƙila yana leƙen tekun ta taga.

Ya sauka sha biyu da minti 20. Sauran aiki. Zai yi tafiyar ƙafa mai nisa a cikin filin, ya bi layin shige da fice na waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, ya tsaya jiran akwati, ya bi alamomi har tashar RER, ya sayi tikiti, ya yi zaman minti 30 zuwa 35. Idan komai ya tafi daidai, zai iso Gare du Nord wajen biyu saura na rana agogon Landan. Abokinsa ya riga shi da fiye da awa biyu, ya yi Azahar, ya ci abinci, har ya fara gyangyaɗi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wani zai ce na yi wa mai jirgin sama rashin adalci. To, a rage masa kaya. Jakar hannu kawai ya riƙe, ya yi rajistar shiga ta waya tun daga gida, ya hau Heathrow Express da ke kai mutum daga Paddington cikin minti 15, ko layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 mai ɗaukar wajen rabin awa, ya isa fili saura awa ɗaya da rabi. Ko da hakan, a lissafina ba zai yi ƙasa da awa huɗu da rabi ba daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Mai jirgin ƙasa kuwa yana tsakanin uku da rabi da huɗu, tare da zaman jira. Abin dariya a nan shi ne, jirgin da ya buɗe zirga-zirgar kullum tsakanin biranen biyu ranar 25 ga Agustan 1919, daga Hounslow Heath zuwa Le Bourget, awa biyu da rabi ya yi a sama. Shekara ɗari bayan haka an rage tashin zuwa minti 45, sai aka mayar da ragowar lokacin cikin layi.

Akwai wani tarko da ke rikita baƙo, na agogo. Paris tana gaban Landan da awa guda duk shekara, kuma tikiti yana nuna lokacin garin da ake magana a kai ne. Za ka ga tashi 11:00, sauka 13:20, ka zaci tafiyar awa biyu da minti 20 ce. A dawowa ka ga tashi 14:00, sauka 14:20, ka ce ashe minti 20 ne. Duka biyun tafiya ɗaya ce. Ga mai kiran gida kuma: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Paris daidai yake da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma na Landan ne ya yi daidai da namu, saboda Turawa kan tura agogonsu gaba a ranar Lahadin ƙarshe ta Maris su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Batun kaya shi ne inda jirgin ƙasa ya fi burge ni, don mu ba mutanen tafiya da 'yar jaka ba ne, ko ina za mu sai da tsaraba. Tikitin Eurostar na talaka yana ba babba akwati biyu da jakar hannu ɗaya, ba a kuma ɗora su a sikeli. Sharaɗin dai tsawon akwati kada ya wuce santimita 85, kuma kai za ka ɗaga abinka ka sa a ma'ajiyar tarago. Ba ruwansu da dokar hana shiga da kwalbar abu mai ruwa da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, da aka ɗora wa masu jirgin sama tun 2006, wadda sai yanzu wasu filaye suka fara sassautawa. Kwalbar turare, man shafawa, gorar ruwa, duk ka shige da su. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a wurin binciken wani filin jirgi, an zare mata babbar kwalbar humra daga jakar hannu. Ta yi bayani, ta yi magiya, ta ce ta amarya ce, jami'in ya saurare ta da ladabi har ta gama, sannan ya sa kwalbar a kwandon da ke gefensa. Da a tashar jirgin ƙasa ne, ko kallon kwalbar ba wanda zai yi. A jirgin sama kuma tikiti mafi araha sau da yawa ba ya haɗe da akwatin da ake aunawa, sai ka biya daban, kamfanonin rangwame ma har jakar da ake sa wa a saman kujera suke caja.

Abu ɗaya ne ba jirgin da zai cece ka a kansa. Tun da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, ba a yarda matafiyi ya shiga Faransa daga Ingila da nama ko kayan madara ba. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk a cinye su kafin a kama hanya.

Kuɗi fa? Nan ba a yanke hukunci sau ɗaya, domin duka biyun farashinsu hawa yake yi yana sauka gwargwadon cikar kujeru. Wanda ya sayi tikitin jirgin ƙasa tun da sauran wata biyu ko uku zai same shi da sauƙi. Wanda ya tashi nema ana gobe tafiya, ko yammacin Juma'a, ko lokacin hutun makarantu, zai iya ganin kuɗin ya ninka har ya fi na jirgin sama nesa ba kusa ba. A irin wannan rana jirgin sama kan yi nasara, musamman easyJet daga Gatwick ko Luton. Sai dai kafin ka yi murna, haɗa lissafin duka: kuɗin zuwa filin, kuɗin akwati, kuɗin RER ko tasi a Paris. Heathrow Express ya ninka Piccadilly tsada sau da yawa, jirgin zuwa Gatwick da Luton ma ba kyauta ba ne. Sau tari ratar da ka gani a allon waya takan narke kafin ka kai ƙarshen lissafi. Mai iyali kuma ya lura da wannan: yaron da bai kai shekara huɗu ba yana hawa Eurostar kyauta idan a cinya za a riƙe shi, alhali a jirgin sama da zarar ya cika biyu sai an saya masa kujera.

Takardu iri ɗaya ake nema ko ta wace hanya ka bi. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ciki har da Faransa, tun tana cikin Tarayyar Turai ma. Saboda haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana da ke riƙe da bizar Birtaniya ba zai shiga Faransa da ita ba, sai ya nemi ta Schengen daban, izinin zama a Ingila ma bai ɗauke masa wannan ba. Mutane da dama suna zaton tunda jirgin ƙasa ne kamar zuwa Manchester ne. A St Pancras za a mayar da kai, ko taragon ba za ka gani ba. Bambancin kawai shi ne inda ake binciken. A jirgin ƙasa kafin tashi ne, ana kuma rufe ƙofa saura minti 30, don haka kada a yi wasa da zuwa da wuri. A jirgin sama bayan sauka ne, lokacin da ka gaji, kuma idan ka yi rashin sa'a manyan jirage biyu ko uku daga Asiya ko Amurka suka riga ku sauka, layin zai koya maka haƙuri. Tun Oktoban 2025 ƙasashen Schengen suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na baƙi a kan iyaka, wanda ya ƙara 'yan mintuna a duka hanyoyin, musamman ga mai shiga karon farko.

Ba hanyar da ba ta da ranar wahalarta. A watan Maris na 2025 kaɗai an ga duka biyun. Ranar 7 ga wata aka tono wani tsohon bam na Yaƙin Duniya na Biyu kusa da layin dogo a Saint-Denis, aka tsayar da jiragen Gare du Nord yini guda. Daren 20 ga wata gobara ta tashi a wata tashar wutar lantarki da ke Hayes, washegari 21 ga wata Heathrow ya rufe kusan yinin gaba ɗaya. Yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama a Faransa kuwa ba baƙon abu ba ne. Raunin jirgin ƙasa shi ne rami ɗaya ne, layi ɗaya, in ya tsaya kowa ya tsaya. Jirgin sama yana da filaye da kamfanoni da yawa da za a iya sauya wa mutum. Dokar diyya ma ta fi tsoka a sama: jinkirin awa uku ko fiye a tafiyar da ba ta kai kilomita 1,500 ba, in laifin kamfani ne, Yuro 250 ne a dokar Turai, Fam 220 a ta Birtaniya. A jirgin ƙasa wani kaso na kuɗin tikitinka ake mayar maka, daga jinkirin awa guda zuwa sama.

Akwai hanya ta uku ga wanda lokacinsa ya fi kuɗinsa yawa, ɗalibai galibi. Motar safa daga tashar Victoria, irin su FlixBus, takan bi ta Dover ta hau jirgin ruwa na awa ɗaya da rabi zuwa Calais, ko a loda ta cikin jirgin ƙasan dakon motoci da ke ratsa rami daga Folkestone cikin minti 35. Awa takwas zuwa goma ce, wani lokaci fiye. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ke tafiyar dare, tunda Eurostar ba ya kwana a hanya, Heathrow ma an taƙaita masa tashin dare. Za a tashe ka tsakar dare ka sauko da fasfo a cikin sanyin bakin teku. Saurayi zai jure, amma ban ba dattijo ko mai goyo shawararta ba.

Ga wanda Paris ɗin kanta ya nufa, daga cikin Landan, jirgin ƙasa zan ce ya hau ba tare da dogon tunani ba. Layukan ƙarƙashin ƙasa shida ne ke haɗuwa a King's Cross St Pancras, kusan daga ko'ina a gari ana isa da sauƙi. A can ma Gare du Nord a cikin gari take. Tasha biyu a layi na 4 na metro ka sauka Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma ke cin kasuwa, inda za ka tarar da kuɓewa, busasshen kifi, manja da atamfa kamar kana gida. A riƙe waya da jaka da kyau dai a tashar, cunkoso gare ta, kuma kada a bi masu tare mutum suna cewa tasi, a fita a bi layin tasi na hukuma.

Jirgin sama yana da mutanensa, kuma ba kaɗan ba ne. Wanda ke zaune a Hounslow, Southall ko Slough, Heathrow a bayan gidansa yake, shiga tsakiyar Landan neman St Pancras ƙarin awa guda ne a gare shi. Haka wanda harkarsa ke kusa da Charles de Gaulle, misali mai zuwa baje koli a Villepinte, wadda ke kan layin RER B dab da filin. Irin waɗannan in suka sake lissafin abokan nan biyu da adireshinsu na gaskiya, za su ga ratar ta rufe, wani lokaci ma ta juya.

Sai babban rukuni, masu ratse. Mutum yana Landan zai tafi Abuja ko Legas ta Paris da Air France, ko ya sauka Heathrow daga gida da British Airways zai wuce Faransa. Wannan kada ya bari lissafin mintuna ya ruɗe shi ya raba tafiyarsa gida biyu. In tikiti ɗaya ne tun daga Heathrow har Abuja, akwatinka zai wuce da kansa, in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani ne zai nema maka wani, ya kuma ba ka masauki in kwana ya kama. In kuwa ka sayi Eurostar daban, jirgin Abuja daban, to sai ka shiga Faransa da cikakkiyar biza, ka ja akwatunanka daga Gare du Nord zuwa RER zuwa filin jirgi, kuma ranar da jirgin ƙasa ya makara, kamfanin jirgin sama bai san da zamanka ba, sabon tikiti za ka saya da kuɗin ranar. Ratsen ma yana da tasa takardar. Najeriya da Ghana suna cikin jerin ƙasashen da ake nema wa 'yan ƙasarsu bizar ratsawa ta filin jirgi a duk yankin Schengen, ko da mutum ba zai fita daga filin ba, sai dai in yana riƙe da wata biza ko izinin zama da ke ɗauke masa ita. A tambayi ofishin jakadancin Faransa kafin a biya kuɗin tikiti, domin a Heathrow ma'aikatan kamfani za su duba wannan takarda tun a wurin ba da kaya, wanda ba shi da ita kuma a nan tafiyarsa za ta tsaya.